Tsoron lissafi ya sa na sayi keken ɗinki da tsada

Assalamu alaikum Anti. Ni tela ce, shekarata 34, 'ya'yana uku. Tun ina firamare lissafi ba ya shiga kaina. Wani malaminmu ya taɓa tsayar da ni gaban allo ya ce kaina ba ya ja, 'yan aji suka kwashe da dariya, tun daga ranar da na ga lambobi sai gabana ya faɗi. Wata huɗu da suka wuce na sayi sabon keken ɗinki. In kuɗi hannu ne 100,000 ake sayar da shi, ni kuma aka ce in ba da 20,000 kafin alƙalami, sannan in riƙa biyan 9,000 duk wata har wata 12. Na amince domin na ga 9,000 ba za ta gagare ni ba. Daga baya ƙanena ya buga ya ce an cuce ni. Ina ɗinki dare da rana, amma ban san ko riba nake ci ko faɗuwa nake yi ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, 'yata da ke aji biyar ta kawo mini aikin gida na su rabi da kwata da sulusi, na ce mata aiki ya yi mini yawa, alhali kunya ce ta kama ni. Anti, a shekaruna zan iya koya, ko in haƙura wani ya riƙa yi mini?

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma a karo na biyu idona bai wuce inda kika ce ke tela ce ba. Bari in tambaye ki wani abu. Mace ta kawo ɗinkin siket, kin zagaya mata tef kin sami inci 42, kin naɗe yadi gida huɗu za ki yanka. Nawa za ki auna? Na tabbata kafin ki kai ƙarshen tambayar kin riga kin ce goma da rabi, har kin ƙara abin da za ki bari na ɗinki da na sakewar jiki. To, 42 kika raba gida 4, amsar ta fito da rabi a jikinta, kika yi tarawa a kai, duk a tsaye, almakashi a hannu, wataƙila ma kina hira. Dubi tef ɗin da ke rataye a wuyanki. Kowane inci an tsaga shi gida 8, kuma idonki yana bambance rabi da kwata da ɗan layin da ke tsakaninsu ba tare da kin tsaya tunani ba. Kin san yadi guda inci 36 ne, kin san rabinsa 18, kwatansa 9. Abin da 'yarki ta kawo miki ke nan a takarda, kuma kin shekara da shekaru kina ciyar da gida da shi.

Ba lallashi nake yi miki ba, abu ne da aka gwada aka gani. A shekarar 1985 wasu masu bincike suka wallafa sakamakon aikin da suka yi a birnin Recife na ƙasar Brazil, tare da yaran da ke sayar da kaya a bakin titi. Sun je musu a matsayin masu saye, suna tambayar kuɗin kaya kaza da canjin kuɗi kaza, yaran suka amsa kusan kashi 98 cikin 100 daidai. Bayan haka aka rubuta musu lissafin da suka riga suka yi da baki, lambobi zalla irin na makaranta, sai abin da suka ci ya faɗo zuwa kashi 37. Yaran su ne dai, lissafin ma shi ne. Abin da ya sauya kawai, an raba lambobin da abin da suke nufi. Masana halayyar ɗan Adam sun kuma nuna cewa fargaba tana cinye wurin da ƙwaƙwalwa ke ajiye lambobi na ɗan lokaci yayin da take aiki da su. Shi ya sa mai tsoron lissafi yakan manta abin da ya riƙe a ka tun bai kai tsakiya ba, sai ya ɗauka kansa ne ba ya ja. Malamin da ya tsayar da ke gaban allo ya yi kuskure babba, kuma ina jin zafin abin, domin magana ɗaya ta mutum ɗaya ta bi ki fiye da shekara 20. Hukuncin da ya yanke a kan yarinyar da tsoro ya rufe wa baki ba shi da wani nauyi a kan matar da ke yanka yadin mutane kullum ba ta ɓata shi.

Yanzu mu zauna kan maganar keken, domin a nan ne kuɗinki suke. Duk lokacin da aka ce miki "kaza duk wata", tambayar farko ita ce jimilla nawa ke nan. 9,000 sau 12. In ninkawa da 12 ta yi miki nauyi, raba ta biyu: sau 10 ya ba da 90,000, sau 2 ya ba da 18,000, haɗe 108,000. Ƙara 20,000 ɗin da kika fara bayarwa, ya zama 128,000. Ƙarin da ke kan farashin kuɗi hannu 28,000 ne. Mai sayarwa zai iya ce miki kashi 28 cikin 100 ne, tunda keken na 100,000 ne. Amma ki tuna kin biya 20,000 a take, abin da aka jira ki a kai 80,000 ne kawai, kuma 28,000 a kan 80,000 kashi 35 ne. Ko wannan 35 ɗin ma bai faɗi tsadar duka ba, domin ba ki riƙe 80,000 shekara cur ba, kowane wata bashin raguwa yake yi, ƙarin kuwa an riga an yanke shi tun ranar farko.

Duk da haka ban yarda da ƙanenki kai tsaye ba da ya ce an cuce ki. Ya buga rabin lissafin ne. Da kin ƙi wannan tsari kin ce sai kin tara, kina ajiye 9,000 duk wata, 80,000 za ta ɗauke ki kusan wata 9, kuma duk tsawon lokacin babu sabon keke a gabanki. Ashe abin da kika saya da 28,000 ɗin nan shi ne wata 9 na aiki da keken. Raba 28,000 gida 9, za ki sami 3,100 da 'yan kai. Idan sabon keken yana ƙara miki abin da ya wuce haka a wata, saboda sauri ko saboda ɗinkin da tsohon ba ya iyawa, to cinikin ya biya kansa. Idan bai kai ba, kin saya da tsada. Ke kaɗai ke da amsar, domin ke kika san aikin da ke shigowa. Abin da nake so ki riƙe shi ne, ranar da kika amince ba ki da waɗannan lambobi a hannu, kin yanke shawara cikin duhu. Ko da ta zo da sa'a, kada ki sake barin kuɗinki a hannun sa'a.

Kin biya wata huɗu, wato 36,000, da na farko 56,000, saura 72,000. Alkawari kika ɗauka, ki cika shi. Amma ki ɗauko takardar yarjejeniyar ki duba abu biyu: ko akwai tara in an makara, da ko za a rage wani abu in kin biya ragowar gaba ɗaya kafin lokaci. In ba a rubuta ba, je ki tambaya, matambayi ba ya ɓata.

Maganar kashi cikin ɗari ita ce ta fi rikita mutane, har da masu takardun shaida, don haka zan ɗan daɗe a kanta. Mabuɗinta guda ne: ki iya fitar da kashi 10. Kashi 10 na kowace lamba shi ne ki raba ta gida 10, in da sifili ta ƙare sai kawai ki cire mata sifili ɗaya daga ƙarshe. Na 80,000 shi ne 8,000. Da zarar kin riƙe wannan, sauran duk 'ya'yansa ne. Kashi 20 ninkinsa ne, 16,000. Kashi 5 rabinsa ne, 4,000. Kashi 35 kuwa sau uku da rabi, 24,000 da 4,000, ga 28,000 ɗinmu ta fito. Kashi 50 rabi ne, kashi 25 kwata ne, waɗanda tef ya riga ya koya miki. Da wannan kaɗai za ki iya tsayawa a gaban kowane mai rangwame ki san abin da yake faɗa kafin ya rufe baki.

Sai dai kowane kashi yana da uwar da aka cire shi daga jikinta, kuma a nan ake yin tuntuɓe. Kullum ki tambayi kanki, kashi na me? Abu yana 100, aka ƙara masa kashi 20, ya koma 120. Daga baya aka ce an rage kashi 20. Da yawa za su ce ya dawo inda yake, alhali 96 ya koma, domin ragin daga jikin 120 aka cire shi, 24 ke nan. Haka in aka ce rangwamen kashi 30, sannan ƙarin kashi 20 a kai, kunne zai ji rabin kuɗi, amma 100 ta sauko 70, kashi 20 na 70 kuma 14 ne, sai a tsaya a 56. Wannan ya shafi ribarki ma. Kin sayi abu 80 kin sayar 100. A kan uwar kuɗinki ribar kashi 25 ce, a cikin kuɗin da aka miƙo miki kuwa kashi 20 ce. In wata ta roƙe ki ragin kashi 25, kika ce ai ribar ce kawai za ki bari, za ki karɓi 75, kin taɓa uwar kuɗi da 5. Kuma in jari ya faɗi da rabi, sai ya ninka kansa, wato ya ƙaru da kashi 100, kafin ya koma yadda yake. Saukowa ta fi hawa sauƙi ko a lissafi.

Kin ce ba ki san ko kina cin riba ba. Wannan ya fi keken muhimmanci, kuma maganinsa ɗan littafi ne da biro, ba wani ilimi mai zurfi ba. Tsawon wata guda ki rubuta abu uku a kan kowane ɗinki: nawa aka biya, nawa kayan haɗi suka ci, da awa nawa kika zauna a kansa. A shafin baya ki rubuta abin da ke fita ko kin yi ɗinki ko ba ki yi ba, irin haya da wuta da biyan keke. Bari in ƙirƙiri lambobi don misali, ke sai ki sa naki. A ce waɗannan na wata-wata sun kama 24,000, kina kuma fitar da ɗinki 20 a wata, to kowane ɗinki yana ɗauke da 1,200 tun ba ki zura zare ba. Riga mai sauƙi an biya 5,000, zare da zif da maɓalli sun ci 1,500, cire 1,200 ɗin nan, saura 2,300. Awa 5 ta ɗauke ki, kowace awa ta kawo 460. Ga wata mai ado da yawa, an biya 8,000, kayan haɗi 2,800, cire 1,200, saura 4,000. Ido zai ce wannan ta fi. Amma in awa 12 kika yi a kanta, awarki ta faɗo 333. Aikin da kike murna in ya shigo yana iya zama shi ne ke cinye ƙarfinki da arha. Teloli da yawa suna lissafa zare su manta da bayansu da idonsu, kamar lokacinsu kyauta ne. Ranar da kika san kuɗin awarki, in mai kawo ɗinki ta ce ki rage, za ki san iyakar inda za ki sauka, kuma za ki faɗa ba tare da muryarki ta yi rawa ba.

Akwai ƙananan wurare da wannan ɗabi'a za ta yi miki rana. Babban mazubi ba kullum ya fi arha ba: in na mililita 750 yana 900, na 500 kuma yana 550, auna su da ma'auni guda, kowane 250 na babban 300 ne, na ƙaramin 275. In aka rubuta wa yaro maganin ruwa mililita 5 sau uku a rana har kwana 7, jimilla 105 ke nan, kwalbar 100 ba za ta kai ba, gara ki faɗa wa mai ba da maganin tun kina gabansa. Awa kuma minti 60 ce, gadon da muka samu daga mutanen Babila na dā masu ƙirga da sittin-sittin, don haka in kalkuleta ta nuna miki awa 1.5, awa ɗaya da rabi take nufi, minti 90, kada ki karanta ta awa ɗaya da minti 50. Ɗan abin da ke zurarewa kullum ma ki riƙa ninka shi da kwanakin shekara: 200 a rana 73,000 ce a shekara. Da yayyafi kogi kan cika.

Na ambaci kalkuleta, kuma ina so ki daina jin kunyar ciro ta. Tana cikin wayarki, an yi ta ne don a yi aiki da ita, ma'aikatan banki da injiniyoyi ma ita suke dannawa. Sharaɗina ɗaya ne: ki kintata amsar a ranki kafin ki danna. In za ki ninka 19 da 480, ki ce kusan 20 sau 500 ne, wajen 10,000. Na'ura ta nuna 9,120, kin san hanya kike. Ta nuna 91,200, kin san yatsa ya zame ya ƙara sifili. Wanda ba ya kintace, duk abin da allon ya nuna masa sai ya karɓa, haka duk abin da mai sayarwa ya faɗa masa. A ganina wannan kintacen ya fi haddace jadawalin ninkawa amfani ga babban mutum, kodayake in kin sami sarari kin maimaita jadawalin har zuwa 10, zai rage miki wahala.

Wani abu kuma, gaggawa ita ce abokiyar gabarki. Ranar keken, na tabbata an tsaya a kanki ana jiran amsa, ke kuma kina gudun a gane lissafin ya yi miki nauyi, sai kika ce to. Ki koyi faɗin "bari in buga tukuna" da "rubuta mini jimillar a takarda, zan dawo gobe". Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. Wanda ya matsa lallai sai yanzu-yanzu, ya ba ki dalilin ƙara jinkirtawa.

Kin tambaya ko ki bar wa wani ya riƙa yi miki. A'a, ban ba ki wannan shawarar ba. Ƙanenki ya kyauta da ya duba miki, amma ba ya tare da ke lokacin da ake ciniki, kuma sana'ar da mai ita ba ta san cikinta ba tana hannun wanda ya sani, ko da mai amana ne. Ki mai da shi mai duba aiki. Ki yi lissafinki da kanki, a ƙarshen mako ki nuna masa, in akwai kuskure ya nuna miki inda yake, kada ya karɓi biron daga hannunki. Za ki yi kuskure a makonnin farko kamar yadda kika ɓata ƙyalle lokacin koyon yanka, kuma wancan bai hana ki zama tela ba. Ki sani ma, tun asali saboda irin buƙatunki aka rubuta wannan ilimi. Muhammad ɗan Musa al-Khwarizmi, wanda ya yi aiki a Bagadaza wajen shekarar 820, kuma daga sunan littafinsa aka sami kalmar aljabra, ya bayyana a gabatarwarsa cewa ya tattara abin da mutane ke buƙata ne a rabon gado da wasiyya da shari'a da ciniki da awon filaye da haƙar magudanan ruwa. 'Yan kasuwa da masu sana'a ne suka fara riƙe lissafi kafin ya shiga aji.

Saura 'yarki, kuma wannan ce ta fi damuna. Yara suna ɗaukar tsoron lissafi daga bakin manya, musamman 'ya mace in ta ji uwarta tana cewa "ni dama kaina ba ya ɗaukar lissafi". Ina roƙonki kada wannan magana ta sake fita daga bakinki a gabanta. Ba sai kin yi kamar kin san komai ba. In ta kawo abin da ya shige miki duhu, ce mata "zo mu gano shi tare", in ya gagare ku ta tambayo a makaranta ta dawo ta koya miki, yaro yana jin daɗin wannan ƙwarai kuma abin yana ƙara zama a kansa.

Yau da daddare ki kira ta kusa da keke, ki ɗauko ragowar ƙyalle mai tsawon inci 12. Ki sa ta naɗe shi biyu ta auna, ta ga 6. Ta sake naɗewa ta ga 3, ki ce mata wannan ne kwata. Ta buɗe ta naɗe gida uku ta ga 4, sulusi ke nan. Daga nan ki tambaye ta wanne ya fi girma, sulusi ko kwata, ki bar ta ta ɗora su ta gani da idonta, domin yara da yawa suna zaɓar kwata saboda 4 ta fi 3. In ta gane, ki sa ta haɗa sulusi da kwata: inci 4 da inci 3, inci 7 cikin 12. Sannan ku buɗe littafin aikin gidan, ku fara daga tambayar da kika ce ba ki da lokacinta.

In wata ya cika kin cike ɗan littafinki, rubuto mini kuɗin awarki da abin da sabon keken ya ƙara miki, mu duba farashin ɗinkinki tare. Allah ya sa wa sana'a albarka, ya raya zuri'a.